Nazari Kan Kuɗin Inshorar Jama'a da Sauran Bukatun Ƙasa Bayan Yaƙi

Duk ƙasar da ta fito daga yaƙi takan tarar baitulmalinta ya yi ƙasa, bukatu kuwa sun yi mata yawa. Ga gadoji da hanyoyin da aka rushe, ga sojojin da za a ci gaba da biya ko a sallama, ga bashi, ga makarantu da asibitoci, ga kuma talakawan da aka yi wa alkawarin cewa wahalar da suka sha ba za ta tafi a banza ba. A cikin waɗannan bukatu akwai guda ɗaya wadda ba ta da gini, ba a yanke mata ƙyalle ranar buki, saboda haka ita aka fi saurin ɗagawa zuwa wata shekara. Wannan ita ce inshorar jama'a.

Abin da ake nufi da inshorar jama'a shi ne tsarin da doka ta wajabta, inda ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki, wani lokaci har da gwamnati, suke zuba wani kaso na kuɗi a asusu ɗaya, domin a riƙa biyan wanda tsufa ya cim masa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko ya ji rauni a bakin aiki, ko kuma iyalin wanda ya rasu. Ta bambanta da tallafin gwamnati, domin wanda ya zuba yana karɓa ne a matsayin haƙƙinsa. Ta kuma bambanta da ajiya, domin mai ajiya abin da ya tara kaɗai yake ɗauka, alhali a inshora mai lafiya ne ke ɗaukar nauyin maras lafiya, mai ƙarfi kuma ya ɗauki na tsoho, har ranar da nasa lokacin zai zo.

Wannan nazari zai duba yadda Ingila ta auna nauyin wannan tsari a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, da yadda Nijeriya ta yi nata zaɓin bayan yaƙin basasa, da kuma abin da zaɓin ya haifar wa gari irin Kontagora ta Jihar Neja. Abin da tarihin biyu ya nuna shi ne, ɗage biyan kuɗin tsufa da na ciwo bai taɓa soke su ba. Wani ne dabam yake biya, kuma sau da yawa da tsada fiye da ta farko.

Lissafin da aka yi a Ingila

A watan Disamba na 1942, ana tsakiyar yaƙi, Sir William Beveridge ya fito da rahotonsa kan inshorar jama'a. Ya lissafta abokan gaba biyar da ya ce dole ƙasar ta yaƙa bayan ta gama da Jamus, wato fatara, cuta, jahilci, ƙazamin muhalli da zaman kashe wando. Ya ba da shawarar asusu ɗaya ga kowa da kowa, wanda namiji baligi mai aiki zai riƙa zuba sule 4 da kwabo 3 a kowane mako, mai ɗaukarsa aiki kuma ya zuba sule 3 da kwabo 3.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne, Beveridge bai tsaya ga kyawawan manufofi ba, ya kawo lissafi. Ya ƙiyasta cewa shirin zai ci fam miliyan 697 a 1945, ya hau zuwa fam miliyan 858 a 1965. Daga cikin kuɗin shekarar farko, baitulmali da ƙananan hukumomi za su ba da fam miliyan 351, ma'aikata miliyan 194, masu ɗaukar ma'aikata miliyan 137, sauran miliyan 15 kuma su fito daga ribar asusun da ake da shi. Kowa ya ga rabonsa a rubuce tun kafin a fara.

Ma'aikatar kuɗi ba ta yi marhabin da rahoton ba. Ministan kuɗi na lokacin, Sir Kingsley Wood, ya yi gargaɗin cewa bayan yaƙi ƙasar za ta bukaci kuɗin tsaro, da na gina gidajen da bama-bamai suka rushe, da na farfaɗo da cinikin waje, kuma masu biyan haraji suna jiran a sassauta musu. Firayim Minista Winston Churchill shi ma ya ja kunnen abokan aikinsa da kada a sa wa jama'a rai da abin da ba za a iya cikawa ba. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ne ya shiga tsakani tun ana rubuta rahoton, aka daidaita a kan cewa ƙarin nauyin da zai hau kan baitulmali kada ya wuce fam miliyan 100 a shekara a cikin shekaru biyar na farko. Don a cim ma haka, Beveridge ya yarda a cire ɗan fari daga kuɗin tallafin yara, a kuma ɗauki shekaru 20 kafin fanshon tsofaffi ya kai cikakken adadinsa.

Da jam'iyyar Leba ta ci zaɓen 1945 ƙarƙashin Clement Attlee, sai ta ƙi jiran shekaru 20 ɗin. A 1946 ta ɗaga fanshon tsofaffi zuwa sule 26 a mako, ranar 5 ga Yuli 1948 kuma sabon tsarin inshora da hukumar kiwon lafiya ta ƙasa suka fara aiki tare. An yi haka ne a daidai lokacin da ƙasar ke dogara da rancen dala miliyan 3,750 daga Amurka, rancen da ba a gama biyansa ba sai 2006, jama'a kuma na cin abinci da katin rabo. Bayan shekaru uku kacal sai yaƙin Koriya ya tilasta ƙara kuɗin makamai. A kasafin 1951 ministan kuɗi Hugh Gaitskell ya sa a riƙa biyan wani abu kan tabarau da haƙoran roba, wanda hakan ya sa Aneurin Bevan, mutumin da ya kafa hukumar lafiyar, ya ajiye muƙaminsa. Ashe ko bayan an kafa tsarin, gasa tsakanin kuɗin tsaro da kuɗin jin daɗin jama'a ba ta ƙare ba. Abin da ya tsare tsarin daga rushewa shi ne, kowa yana zubawa, kowa kuma yana karɓa, don haka babu gwamnatin da ta iya taɓa tushensa.

Abin da ya iso Nijeriya a wancan lokaci

Dubban 'yan Nijeriya sun yi wannan yaƙi a Gabashin Afirka da Bama, amma tsarin Beveridge bai ƙetaro teku ba. Abin da ƙasar ta samu shi ne shirin raya ƙasa na shekaru goma da aka fara a 1946, na fam miliyan 55, wanda Ingila ta ɗauki nauyin miliyan 23 daga ciki. Kuɗin sun tafi ne ga ruwan sha, hanyoyi, asibitoci da makarantu. Dokar fansho ta 1951 ma'aikatan gwamnati kaɗai ta shafa. Manomin gyaɗa da na auduga, wanda hukumomin sayen amfanin gona ke riƙe wani ɓangare na farashin kayansa ana gudanar da ayyuka da shi, ba a yi masa wani tanadi ba.

Sai a 1961, bayan samun mulkin kai, aka kafa Asusun Tanadi na Ƙasa, wato NPF, domin ma'aikatan kamfanoni. Shi ma asusun ajiya ne kawai. Ana yanke wani abu daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara daidai da shi, ranar da ya tsufa ko ya kasa aiki a miƙa masa abin da ya taru a dunƙule, shi ke nan an rabu. A 1962 ministan lafiya Dakta Moses Majekodunmi ya kai wa majalisa ƙudurin inshorar lafiya domin birnin Ikko, amma bai sami shiga ba. Da wannan ɗan tanadi ƙasar ta shiga yaƙin basasa a watan Yuli na 1967.

Zaɓin da aka yi a 1970

Yaƙin ya ƙare a watan Janairu na 1970. Kwamishinan kuɗi na tarayya, Cif Obafemi Awolowo, ya gudanar da shi ba tare da dogara ga rancen waje ba, ta hanyar tsuke bakin aljihu, taƙaita shigo da kaya, ƙarin haraji da ajiyar dole daga albashin ma'aikata. Wannan ya sa ƙasar ta fito ba da bashin waje mai nauyi ba, saɓanin Ingila. Amma ta fito da wani nauyin dabam. Rundunar sojan da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kai kimanin 250,000, kuma gwamnati ta ji tsoron sallamar su gaba ɗaya su koma gida ba aikin yi. Albashinsu da barikokinsu suka zama kaso mai girma na kasafin kuɗi na shekaru da dama.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta bayyana manufofi uku, wato sulhu, sake gina ƙasa da farfaɗo da waɗanda yaƙi ya shafa. Shirin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974, ya ba harkar sufuri kaso mafi girma na jarin gwamnati. A 1971 ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC, a 1972 aka kafa dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, a 1973 naira ta maye gurbin fam, aka kuma fara shirin yi wa ƙasa hidima. Daga ƙarshen 1973 farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu, har shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya fara da naira miliyan dubu 30.

Ya kamata a yi wa masu tsara manufofin wancan lokaci adalci. Hujjojinsu na ƙin kafa inshorar jama'a mai faɗi ba marasa tushe ba ne. Yawancin jama'a manoma ne da masu sana'ar hannu waɗanda ba su da albashin da za a yanke. Babu rajistar haihuwa da ta mutuwa da za a dogara a kai. Ma'aikatan ƙasar matasa ne, tsufa yana da nisa. Kuma an ɗauka cewa zumunci zai ci gaba da ɗaukar tsoho da maraya kamar yadda aka gada. Ƙasar da ta kusa rabewa kuwa tana bukatar hanya da gada da za su haɗa ta fiye da komai.

Sai dai kuma akwai abin da ba za a iya kare shi da rashin kuɗi ba. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, an raba su ne ta hanyar albashi. Hukumar Adebo ta yi ƙari a 1970 da 1971, sannan a watan Janairu na 1975 aka biya ƙarin Udoji tare da ariyas tun daga Afrilun 1974. Albashin ƙananan ma'aikata ya ninka, kuɗin suka kwarara kasuwa a lokaci ɗaya, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. A cikin 1975 ɗin ne kuma jiragen ruwa fiye da 400 ɗauke da siminti, wanda ma'aikatar tsaro ce ta yi odar mafi yawansa, suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko ana biyan su kuɗin jira. Da an karkatar da wani yanki na ƙarin Udoji zuwa asusun fansho, da ma'aikaci bai ji zafin yankan ba, tun da kuɗi ne da bai saba riƙewa ba. Ba a yi haka ba. Maimakon haka, dokokin soja masu lamba 102 da 103 na 1979 suka tabbatar wa ma'aikatan gwamnati da sojoji fansho da garatuti ba tare da sun zuba ko kwabo ba, kuma ba tare da an ware wani asusu ba. An bar biyan ga kasafin kowace shekara, wato ga farashin mai na wannan shekarar.

Yadda abin ya kasance a Kontagora

A 1970 Kontagora tana cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Neja a watan Fabrairu na 1976 da hedkwata a Minna. Wanda ya dubi garin zai ga kusan dukkan abubuwan da aka fifita bayan yaƙi. Yana kan babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi Ilori, Jebba da Mokwa ta wuce Yawuri zuwa Sakkwato, ga kuma wadda ta nufi Tegina. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka buɗe a 1969 ana cikin yaƙi, tana yamma da shi. Akwai barikin soja. A 1978, shekaru biyu bayan fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, aka buɗe babbar makarantar horon malamai ta tarayya, wadda ta zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya.

Babu ɗan kasuwar Kontagora da zai ce waɗannan ba su amfane shi ba. Hanya ce ta sa masara, dawa, wake, gyaɗa da shanun ƙasar Sarkin Sudan suke isa kasuwannin kudu a kan lokaci. Albashin soja da na malami shi ke juyawa a hannun mai shago, mai hayar gida, mahauci da tela. Da an ce a 1970 a zaɓi tsakanin kwalta da fansho, da yawancin fatake kwalta za su zaɓa, kuma da ba su yi kuskure ba.

Amma a dubi waɗanda tanadin tsufa ya shafa a garin. Malami, soja da ma'aikacin hukuma suna da alkawarin gwamnati. Ma'aikacin banki ko na babban kamfani yana da ɗan abin da NPF ta tara masa. Manomi, direban babbar mota, ɗan dako, yaron shago, dillalin hatsi da mai sayar da abinci, waɗanda su ne mafi yawan masu neman na kansu, ba su da komai a rubuce. Idan mota ta faɗi da direba a hanyar Mokwa, ko ciwo ya kama yaron shago, maigidansa ne ke biyan asibiti. Idan ya rasu, maigidan da dangi ne ke riƙe marayu. Adashi, zakka, gudummawar ƙungiyar 'yan kasuwa da kyautar attajiri su suka tsaya a gurbin asusun da ƙasa ba ta kafa ba. Ma'ana, attajirin Kontagora ya daɗe yana biyan kuɗin inshorar jama'a. Bambancin kawai shi ne, ba ya sanin ranar da za a nema, ba ya sanin adadin, kuma babu wanda ke raba nauyin da shi.

Ranar da bashin ya waiwayo

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Farashin mai ya faɗi daga 1981, a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube. Dalar da ake canzawa a kan kusan naira ɗaya kafin Satumban 1986 ta kai kimanin naira 22 a farashin gwamnati a 1993, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995.

Wannan ya kashe NPF a tsaye. Doka ta ƙayyade cewa abin da ma'aikaci zai zuba kada ya wuce naira 4 a wata, kamfani ma naira 4. A 1981, da mafi ƙarancin albashi yake naira 125, naira 4 ɗin kashi 3.2 ne cikin 100. A 1991, da ya koma naira 250, ta zama kashi 1.6. Wanda aka yi wa yankan naira 4 na tsawon shekaru 20, kamfani ya ƙara nasa, abin da ya taru kafin riba naira 1,920 ne, kuɗin da suka shiga asusu da daraja suka fito ba ta. Ma'aikatan gwamnati kuwa, matasan 1970 ne suka fara ritaya rututu a daidai lokacin da baitulmali ya bushe. Layin tsofaffi a ofisoshin biyan fansho, har da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin basasa, ya zama abin gani a manyan garuruwa. Lokacin da aka zo gyara a 2004, an ƙiyasta bashin fanshon ma'aikatan gwamnati da kimanin naira tiriliyan 2.

Gyare-gyaren sun zo ɗaya bayan ɗaya. Dokar soja mai lamba 73 ta 1993 ta mayar da NPF zuwa Asusun Inshorar Jama'a na Nijeriya, wato NSITF, wanda ya fara aiki a Yulin 1994, ma'aikaci na zuba kashi 2.5, kamfani kashi 5. Wannan shi ne karo na farko da ma'aikatan kamfanoni suka sami inshora ta gaskiya mai biyan fansho wata-wata, shekaru 24 bayan ƙarshen yaƙi. Dokar inshorar lafiya ta fito a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005, shekaru 43 bayan ƙudurin Majekodunmi. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa na kansa ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, shi ya zuba kashi 7.5, mai ɗaukarsa aiki kashi 7.5, dokar 2014 kuma ta ɗaga su zuwa kashi 8 da kashi 10. A 2011 aka cire sojoji daga wannan tsari. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa NSITF biyan waɗanda suka ji rauni a bakin aiki, mai ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 na jimlar albashi. A 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu, a 2022 kuma sabuwar doka ta wajabta inshorar lafiya ga kowa.

Ma'aunai huɗu

Daga waɗannan tarihi biyu za a iya fitar da ma'aunai huɗu da ake auna irin wannan shiri da su, ko a matakin tarayya ko na jiha.

Na farko, wane ne zai biya, kuma an rubuta rabonsa? Beveridge ya raba fam miliyan 697 gida huɗu a fili, aka yi gardama a kai a majalisa. Dokokin 1979 sun yi alkawari ba tare da sun nuna inda kuɗin za su fito ba. Alkawarin da ba a ware masa asusu ba bashi ne da aka ci da sunan masu biyan haraji na gaba.

Na biyu, yaushe za a fara? Lokaci mafi arha shi ne sa'ad da masu zubawa ke da yawa, masu karɓa kuma 'yan kaɗan. Ƙuruciyar ma'aikatan 1970, wadda aka kafa hujja da ita wajen jinkiri, ita ce ta sa farawa a lokacin zai fi sauƙi, domin da asusun ya sami shekaru 20 yana taruwa kafin a fara ɗiba sosai.

Na uku, kuɗin za su riƙe darajarsu? Naira 4 ta NPF ta nuna cewa adadin da aka daskare a cikin doka hauhawar farashi kan cinye shi. Kaso cikin ɗari na albashi ya fi, amma shi ma idan ribar jarin da aka zuba kuɗin a ciki ta gaza hauhawar farashi, mai ajiya asara yake yi ko da lambobin da ke cikin takardarsa suna ƙaruwa.

Na huɗu, mutum nawa ne a ciki? Tsarin da ya tsaya ga masu albashi a garin da galibin mutanensa manoma ne da 'yan kasuwa bai taɓa yawancin masu bukata ba, kuma ba shi da masu kare shi idan gwamnati ta shiga matsi.

Akwai kuma wani abu da masu gardamar kwalta ko fansho sukan manta. Asusun fansho da aka tara da kyau jari ne na dogon lokaci, kuma kaso mai yawa na kuɗin fanshon Nijeriya tun bayan 2004 a takardun lamunin gwamnatin tarayya aka zuba su. Saboda haka kuɗin da ma'aikaci ya ajiye don tsufansa za su iya gina hanya, muddin gwamnati za ta mayar da su da riba ta gaskiya.

Lissafin mai kamfani

Domin a ga girman abin a aljihu, a ɗauki misalin mai kamfanin sufuri ko na sarrafa hatsi a Kontagora wanda jimlar albashin ma'aikatansa, haɗe da kuɗin gida da na mota, ta kai naira miliyan 1 a wata. Bisa dokar 2014 zai zuba naira 100,000 na fansho, a yanki naira 80,000 daga ma'aikatan. Bisa dokar 2010 zai zuba naira 10,000 na diyyar rauni. Nasa kason ke nan naira 110,000 a wata, ko naira miliyan 1.32 a shekara, ban da inshorar rai ta ma'aikata, wadda doka ta ce ta kai ninki uku na albashin shekara, da kuma kuɗin inshorar lafiya.

Kuɗi ne masu yawa, musamman ga wanda abokin gasarsa ba ya biyan komai, kuma wannan shi ne ƙorafin da ƙananan kamfanoni suka fi yi. Hanyar auna shi ita ce mai kamfani ya buɗe littafinsa na shekaru biyar da suka wuce, ya tattara abin da ya kashe kan asibitin yaransa, da haɗarin mota, da jana'iza, da riƙon iyalan da aka bari, da kuma asarar da ya yi duk sa'ad da ƙwararren direba ko makaniki ya bar shi ya koma inda ake fansho. Wannan jimlar ita ce zai gwada da kashi 11 ɗin. Wanda ke da damuwa kan riba kuwa, hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, PenCom kuma ta amince da asusun fansho maras ruwa a 2021.

Ga gwamnatoci kuma, tambayar 1970 ta sake dawowa da wata fuskar. Rashin tsaron da ya addabi sassan masarautar Kontagora, kamar Mariga da Mashegu, a shekarun baya-bayan nan ya raba manoma da gonakinsu, ya bar zawarawa da marayu, ya kuma ja kuɗi masu yawa zuwa harkar tsaro. Duk ranar da ƙura ta lafa, za a sake jera bukatu, hanya, makaranta, bariki da asibiti, kuma tanadin tsoho da maras lafiya shi ne zai fi sauƙin ɗagawa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na direbobi da na manoma suna da rajistar 'ya'yansu, suna kuma karɓar kuɗin ƙungiya a kai a kai, abin da gwamnatin 1970 ba ta da shi. Ta hannunsu ne ƙaramin fansho da inshorar lafiya za su fi saurin isa kasuwa da tasha, kuma su ne ya kamata su nemi a nuna musu lissafin kowane shiri a rubuce, da rabon kowa, kafin a fara yankar kuɗin 'ya'yansu.